Yuraniyom da Ƙodar Ɗan Adam: Amsoshin Likita Kan Ƙura, Ruwan Sha da Iyakar Abin da Ake Shaƙa

Tun da batun ma'adinin yuraniyom na Jamhuriyar Nijar ya yawaita a kafofin labarai, tambayoyi a kansa suka riƙa shigo mini daga Bauchi da Gombe da garuruwan da ke kewaye. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita lafazinsu, na kuma ɓoye sunayen masu su kamar yadda muka saba a wannan fili.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni direban babbar mota ne a Bauchi, na daɗe ina kai kaya Agadas da Arlit, garin da ake haƙar yuraniyom a Nijar, kuma na sha kwana a Arlit lokacin da iska ke tashi da ƙura. Abokan aikina sun ce duk wanda ya shaƙi ƙurar garin sai ya kamu da ciwon daji. Yanzu ina fama da ciwon baya, hankalina ya tashi. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin mu zo ga ciwon bayan, ya kamata a raba illar yuraniyom gida biyu, domin jama'a sun san ɗaya sun bar ɗayar, alhali wadda aka bari ita ce kan fara taɓa jiki. Wadda kowa ya sani ita ce tiririn nukiliya da ma'adinin ke fitarwa. Sai dai yuraniyom ɗin da aka tono daga ƙasa, wanda ba a inganta shi ba, wato ba a ƙara masa yawan U-235 ba, nau'in da ake amfani da shi wajen makamashin nukiliya, tiririnsa mai rauni ne. Fiye da kashi 99 cikin 100 nasa nau'in U-238 ne, wanda sai ya shekara kusan biliyan 4.5 kafin rabinsa ya rikiɗe, kuma duk abin da ke rikiɗa a hankali haka, kaɗan-kaɗan yake sakin tiriri. Mafi yawan wanda yake saki ma ba ya iya huda fatar mutum, sai fa idan ƙurar ta samu hanyar shiga cikin jiki.

Illa ta biyu kuwa ita ce yuraniyom ƙarfe ne mai nauyi, daga dangin dalma, saboda haka guba ne a karan kansa, kuma ƙoda yake nufa. Idan ya shiga jini, kusan kashi biyu cikin uku ƙoda kan tace shi ya fita a fitsari cikin kwana guda. A kan wannan hanyar fitar ne yake yin ɓarna, domin yana mannewa a jikin ƙananan bututun ƙoda waɗanda aikinsu shi ne mayar da sukari da gishiri da ƙananan furotin cikin jini kada su zube. Shi ya sa alamar farko takan zama ganin sukari a fitsarin mutumin da ba shi da ciwon sukari, ko ganin furotin ɗan kaɗan, ba tare da wani zafi da mutum zai ji ba. Idan abin bai yi yawa ba kuma aka rabu da tushen gubar, bututun kan farfaɗo. Idan kuwa mai yawa ne ya shiga a lokaci ɗaya, ƙoda na iya tsayawa har a kai ga wankinta.

Maganar ciwon daji tana da asali, amma abokan aikinka sun faɗaɗa ta. Masu haƙar yuraniyom a ƙarƙashin ƙasa, tun daga na tsohuwar Chakoslobakiya da Jamus har zuwa 'yan ƙabilar Nabaho a Amurka, sun kamu da dajin huhu da yawa, kuma babban dalilin shi ne iskar radon, wata iska mai tiriri da ke fitowa daga rikiɗar yuraniyom, wadda ke taruwa a ramin da ba ya samun iska, aka shekara da shekaru ana shaƙa, sau da yawa tare da shan taba. Wanda ya ratsa gari ya kwana ya wuce, halinsa daban ne da na wanda ya tsufa a cikin rami. Duk da haka damuwar mazauna Arlit, inda ake haƙa tun 1971, da Akokan, inda aka rufe ramin ƙarƙashin ƙasa a 2021, damuwa ce ta gaske, musamman game da tarin ɓaraguzan ma'adini da ke fili da kuma tsofaffin ƙarafan wurin aiki da kan ɓulla a kasuwa. Kada ka ɗauko irin waɗannan ƙarafa a motarka, kada kuma a ƙera tukunya ko randa da su.

Ciwon bayan direba galibi daga dogon zama da jijjigar mota yake. Abin da ya fi ba ni tsoro a kanka shi ne magungunan kashe zafi irin su diklofenak da ibuprofen, waɗanda direbobi ke haɗiya kullum cikin zafin rana ba tare da isasshen ruwa ba, domin sun fi ƙurar da ka ratsa saurin lalata ƙoda. Ka je asibiti a auna hawan jininka da sukari, a duba fitsari, a kuma yi gwajin jini na aikin ƙoda. Asibitin koyarwa na Bauchi da manyan asibitocin jiha duk suna yin waɗannan.

Tambaya: Likita, ni ɗaliba ce mai karantar kimiyyar tsaftar muhalli a Gombe. Ina rubutu a kan iyakar yuraniyom da aka yarda masana'anta ta saki a iska, amma kowace hukuma na duba sai in ga adadinta daban, wani ya ninka wani sau dubbai. Wanne ne daidai, kuma ta yaya ake fitar da shi?

Amsa: Malama, kin yi tambaya mai kyau, kuma alƙaluman da kika gani ba saɓa wa juna suke yi ba, kowanne da wanda aka yi shi domin karewa. Kafin ki kwatanta adadi biyu, ki fara tantance ko na ma'aikaci ne ko na mazaunin unguwa, ko na awa takwas ne ko na shekara, ko kuma na yuraniyom mai narkewa ne ko marar narkewa.

Batun narkewa shi ne tushe. Akwai haɗe-haɗen yuraniyom masu saurin narkewa a ruwan jiki, kamar UF6 da ake amfani da shi wajen inganta makamashin nukiliya, da gishirin naitaret na yuraniyom. Idan aka shaƙi waɗannan, cikin kwanaki kaɗan sun bar huhu sun shiga jini sun nufi ƙoda, saboda haka gubarsu ce abin tsoro. Akwai kuma marasa narkewa kamar UO2, waɗanda kan zauna a huhu watanni har shekaru suna sakin tiriri a wuri ɗaya, a nan kuwa huhu ne abin dubawa. Wannan ne ya sa hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, wato OSHA, ta sa iyaka biyu a wurin aiki na awa takwas: miligiram 0.05 a kowace kubik mita ta iska ga mai narkewa, da miligiram 0.25 ga marar narkewa. Kubik mita ɗaya dai ita ce cikin tankin ruwa mai lita 1,000.

Asalin waɗannan alƙaluma gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi ne a Jami'ar Rochester a shekarun 1940, lokacin da Amurka ke haɗa bam ɗin nukiliya na farko. Daga nan aka tsayar da cewa kada yuraniyom ya wuce maikirogiram 3 a kowane giram na tsokar ƙoda (maikirogiram 1,000 ne miligiram ɗaya). Ƙodojin babban mutum biyu suna kai giram 300, saboda haka abin da ake magana a kai bai cika miligiram 1 ba gaba ɗaya. Daga wannan sai a koma baya da lissafi. Ma'aikaci na shaƙar iska kimanin kubik mita 10 a wunin aiki, idan iskar na ɗauke da miligiram 0.2 a kowace kubik mita, a kwana biyar ya shaƙi miligiram 10. Wannan adadin shi ne wanda hukumar nukiliya ta Amurka ta rubuta a dokarta a matsayin iyakar mako ga yuraniyom mai narkewa, kuma ta faɗa ƙarara cewa saboda gubar ƙarfen ta sa shi. Dalili kuwa shi ne, ga yuraniyom mai narkewa wanda U-235 ɗin da ke cikinsa bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, mutum zai iya cutar da ƙodarsa tun bai kai iyakar tiririn da doka ta amince ba. Ki ja layi a ƙarƙashin wannan a rubutunki, domin duk dokar da ta tsaya ga awon tiriri kaɗai, ba ta kuma faɗi nauyin ƙarfen da ke cikin iska ba, ta bar ƙoda a buɗe. Haka abin yake ga ragowar yuraniyom da aka cire wa mafi yawan U-235, irin wanda aka yi harsasai da shi a yaƙin Tekun Fasha na 1991: tiririnsa bai wuce kimanin kashi 60 cikin 100 na wanda ke ƙasa ba, amma gubarsa ga ƙoda daidai take giram da giram.

Adadin ma'aikaci kuma ba ya aiki a kan jama'ar gari. Ma'aikaci baligi ne da aka auna lafiyarsa, yana shaƙa awa 40 a mako, ana duba fitsarinsa, yana da hutu da ƙodarsa ke samun sararin farfaɗowa. Mazaunin bayan katanga yana shaƙa awa 168 a mako, kuma cikinsu akwai jariri da mai juna biyu da tsohuwa mai hawan jini wadda ƙodarta ta riga ta gaji. Don haka masana kan ɗauki mafi ƙarancin abin da ya taɓa ƙodar dabba, su raba shi da 10 ko da 3 saboda bambancin dabba da mutum, su sake raba shi da 10 saboda bambancin mutum da mutum, wani lokaci su ƙara rabawa idan gwajin gajere ne. Yawan rabawar da kowace hukuma ta zaɓa shi ke kawo tazarar da kika gani. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2001 ta ba da shawarar kada jama'a su shaƙi fiye da maikirogiram 1 a kubik mita. Hukumar ATSDR ta Amurka, mai nazarin illar abubuwa masu guba, a 2013 ta kawo maikirogiram 0.04 ga mai narkewa idan shaƙar ta dogon lokaci ce. Lardin Ontariyo na Kanada, inda garin Port Hope ya daɗe da masana'antar sarrafa yuraniyom a tsakiyarsa, ya tsayar da maikirogiram 0.03 a matsakaicin shekara, a cikin ƙura mai laushin da ke iya shiga huhu. Ki gwada shi da kanki: babban mutum na shaƙar kimanin kubik mita 20 a kwana, wato maikirogiram 0.6 ke nan, ƙasa da maikirogiram 1 zuwa 2 da kowannenmu ke ci a abinci kullum. Sai dai kada ki yi saurin cewa dokar ta wuce gona da iri, domin hanji kaɗan ƙwarai yake tsotsa daga abin da aka haɗiya, huhu kuwa yana miƙa kaso mai tsoka na mai narkewa ga jini, kuma ƙurar da ta sauka a gona da rufin gida tana taruwa shekara bayan shekara.

Saura yadda ake mayar da adadin iska ya zama iyakar bututun hayaƙi. Ana fara tsayar da abin da aka yarda ya isa hancin mutumin da ya fi kowa kusa, sannan a yi lissafin yadda iska ke watsa hayaƙi bisa tsawon bututun da zafin hayaƙin da saurin iska da inda take kaɗawa, har a gano giram nawa za a iya saki a awa ba tare da an ƙetare ba. A nan ne kwafo lissafin wata ƙasa yake zama kuskure. Iskarmu tana juyawa sau biyu a shekara, da hunturu daga arewa maso gabas, da damina daga kudu maso yamma, saboda haka unguwar da ke cikin aminci a watan Agusta tana iya zama ita ce a bakin hayaƙi a watan Janairu. Da asubahin hunturu kuma iska kan kwanta, hayaƙi ya shimfiɗu ƙasa-ƙasa, kamar yadda duk mai fita sallar asuba a Gombe yake ganin hayaƙin gidajen burodi ya tsaya a kan rufi. Ga kuma watanni na rani da ƙasa ke bushe, ƙurar da ta sauka ta sake tashi.

Matsakaicin shekara ma shi kaɗai bai isa ba, domin yana iya ɓoye mummunar rana ɗaya. A watan Janairun 1986, a garin Gore na jihar Oklahoma, wata tukunyar UF6 da aka cika fiye da ƙima ta fashe yayin da ake ɗumama ta. Ma'aikaci ɗaya ya rasu, kuma abin da ya kashe shi shi ne asid ɗin da UF6 ke haifarwa idan ya haɗu da danshin iska, wanda ya ƙone masa huhu. An kai wasu da dama asibiti, aka kuma bi diddigin ƙodarsu. Saboda irin wannan ne doka mai kyau take haɗa iyakar shekara da ta kwana ɗaya, ta wajabta matatar ƙura mai kama kashi 99.97 cikin 100, ta kuma sa a girke na'urorin zuƙar iska a cikin unguwa waɗanda wani daban zai riƙa karantawa, ba mai masana'antar kaɗai ba. A Najeriya babu mahaƙar yuraniyom ta kasuwanci, ko da yake an gano alamunsa a wurare kamar Mika a Taraba da Ghumchi a Adamawa. Hukumar NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa ta kuma fara aiki a 2001, ita ke kula da tiriri, NESREA ta 2007 kuma ita ke kula da ƙa'idojin muhalli. A ganina, lokacin rubuta adadin maikirogiram shi ne yanzu, tun ba a kafa wata masana'anta da za ta zo ta yi ciniki a kansa ba.

Tambaya: Likita, maigidana yana wankin kuza a yankin Toro. Yakan kawo buhunan baƙin yashi da wani mai ruwan ƙasa-ƙasa ya ajiye a ɗakin da yara ke kwana kafin masu saye su zo, wani lokaci a shanya a tsakar gida a bushe shi. An ce akwai yuraniyom a ciki. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Yashin da ke saura bayan an wanke kuza a tsaunukan Jos da yammacin Bauchi yana ɗauke da ma'adinai irin su monazait da zirkon, kuma a cikinsu akwai toriyom da yawa da yuraniyom ɗan kaɗan. Waɗannan ba sa narkewa cikin sauƙi, saboda haka a nan ba ƙoda ce farkon abin damuwa ba. Damuwar ita ce tiririn da tarin buhu ke fitarwa ga mai kwana a gefensa dare bayan dare, da iskar da ke taruwa a rufaffen ɗaki, da ƙurar da ke shiga huhu idan ana shanya ko sheƙa ko tankaɗe. Ƙurar dutse ma ita kaɗai, ko babu komai a cikinta, tana taurara huhu, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa.

Ki tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda aka riƙa kawo duwatsun zinariya cikin gida ana dakawa a turmi ana niƙawa, gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400. Ma'adinin daban ne, amma hanyar ɗaya ce: an shigo da aikin daji tsakar gida, inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Ki lallashi maigida, cikin girmamawa, a fitar da buhunan yau ɗin nan zuwa wata rumfa mai shan iska nesa da ɗakin kwana da madafa da rijiya. Kada a yi amfani da faifai ko rariya ko tabarmar shanyar hatsi wajen wannan aiki, kada kuma a zuba ragowar yashin a yaɓe ko daɓen ɗaki don ana ganin yashi ne na banza. A yayyafa ruwa kafin a share wurin da aka shanya. Shi kuma ya bar kayan aikinsa a waje, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro, ya nemi takunkumi irin N95 mai kama fuska sosai, domin rawani ko ƙyalle ba sa tare ƙura mai laushi.

Tambaya: Likita, rijiyar burtsatsenmu a cikin dutse aka haƙa ta. Idan akwai yuraniyom a ruwan, tafasawa za ta kashe shi?

Amsa: A'a Malam, ƙarfe ba ƙwayar cuta ba ne da zafi zai kashe, hasali ma tafasawa tana rage ruwa ta bar ƙarfen ya ƙara kauri. Dutsen giranit irin wanda ya cika ƙasar Bauchi ya fi yawancin duwatsu yawan yuraniyom, kuma ruwan da ya daɗe a tsagoginsa yana iya ɗaukar wani abu, amma rijiya biyu a unguwa ɗaya na iya bambanta ƙwarai, kuma ba a ganewa da ido ko ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2011 ta sa maikirogiram 30 a lita, bayan ta duba lafiyar ƙodar mutanen Finland masu shan ruwan rijiyoyin dutse, kuma saboda ƙoda ta sa adadin. Idan ku da maƙwabta za ku haɗa kuɗi ku kai ruwan ɗakin gwaji mai auna ƙarafa masu nauyi, ku ce a haɗa da dalma da asinik da fuloraid a gwaji ɗaya. Idan ya wuce iyaka, na'urar tace ruwa ta RO irin ta masu ruwan leda tana cire mafi yawansa, kuma ruwan sha da girki kaɗai ke buƙatarta, wanka da wanki babu laifi.

Tambaya: Likita, a wurin aikinmu na fasa dutse ana cewa madara tana wanke ƙura daga ƙirji, wasu kuma suna jiƙa kanwa su sha wai tana fitar da gubar ma'adini. Akwai amfani?

Amsa: Ɗan'uwa, madara ciki take zuwa, ƙura kuma tana huhu, hanyoyinsu ba sa haɗuwa. Ka sha ta don abinci ce, amma kada ta sa ka cire takunkumi. Maganar kanwa kuwa ina zargin ta samo asali ne daga wani abu na gaskiya da aka juya. Idan hatsari ya faru mutum ya shaƙi yuraniyom mai narkewa da yawa, likitoci kan ba shi sodiyom baikabonet ta jijiya cikin awannin farko, domin ya rage tsamin fitsari, ƙarfen ya wuce ba tare da ya manne a bututun ƙoda ba. Ana yin wannan ne a gadon asibiti, ana auna gishirin jini da fitsarin da ke fita. Kanwa tana da dangantaka da wannan sinadari, amma babu wanda ya san ƙarfin abin da ya jiƙa a kofi, ga yashi da wasu gishirai a cikinta, ga sodiyom mai yawa da ke tayar da hawan jini, wanda shi da ciwon sukari su ne kan gaba wajen kai mutanenmu wankin ƙoda. Ku nemi a riƙa zuba ruwa a bakin injin fasa dutse, ku tsaya ta inda iska ke fitowa, duk wanda kuma ya yi tari fiye da mako biyu ko ya ga kumburi a ƙafa da fuska ko fitsarinsa ya riƙa kumfa, ya je a duba kakinsa da fitsarinsa a ɗauki hoton ƙirjinsa.